MAKASHIN INJIN HUƊA: GARGAƊI GA MANOMA DA DAGATAI

Zuwa ga manoma masu karatu, da dagatai, da masu unguwanni na ƙasar Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa. Duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa muna roƙonsa ya karanta ta a hankali, sa'an nan ya karanta wa maƙwabtansa waɗanda ba su iya boko ba, gama maganar da ke ciki magana ce ta hannu da ƙafa, har da rai.

1. Mafarin magana

Kakanninmu da fartanya da hauya suka yi noma. Wajen shekarar 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji cikin 1974, sai noman rani ya yawaita, aiki ya fi ƙarfin hannu. Yanzu kuwa ga wani baƙo ya shigo gonakinmu da fadamunmu, watau ƙaramin injin huɗa mai ƙafa biyu, wanda mutum ke riƙewa yana binsa a baya kamar yadda ya ke bin garmar shanu. Waɗansu na ce masa ƙaramar tarakta, waɗansu fawatila.

Injin nan abin alheri ne, ba mai musu. Amma ku lura da bambancinsa da abin da muka saba. In hannu ya tsaya fartanya ta tsaya. Sa kuma yana jin murya, in ka daka masa tsawa ya kan dakata. Inji ba shi da kunne. Ko mai shi ya faɗi, ko yaro ya gitta, tafiyarsa ya ke yi har mai ya ƙare ko wani ya kashe shi. Saboda haka maƙeransa suka sa masa waɗansu abubuwa masu tsai da shi nan take, su ne mu ke kira makashi cikin wannan takarda. Abin da mu ke so ku riƙe guda ne: kada a ɗaure makashi, kada a cire shi, a kuma gwada shi ko wace safiya.

2. Inda haɗarin ya ke

Wuƙaƙen da ke ƙarƙashin inji su kan juya kamar sau 200 zuwa 300 a minti ɗaya. Mu ɗauki 240. Watau ke nan juyi 4 a daƙiƙa guda. In kuwa injin na tafiyar mil 2 a sa'a, kusan yadi ɗaya ya ke ci ko wace daƙiƙa. To, a ce santsi ya kwashe ka cikin fadamar shinkafa, ka yi daƙiƙa 3 kana laluben abin kashewa, wuƙaƙen sun juya sau 12, injin kuma ya yi nisan yadi 3. Wannan lissafi kowa ya iya yinsa da kansa.

Haɗarin ya fi aukuwa a wurare huɗu. Na fari, sa'ad da a ke ja da baya: mutum na takawa baya ba ya ganin abin da ke bayansa, ya yi tuntuɓe da kunya ko ya jingina da itace, wuƙaƙen kuwa suna nufo ƙafarsa. Na biyu, cikin ƙasa mai tauri, ko mai duwatsu da saiwoyi irin ta wajen Doguwa da Riruwai: in wuƙa ta kama dutse ko kututture, sai injin ya zabura gaba ya fizge daga hannu. Na uku, sa'ad da ciyawa ko igiyar buhu ta naɗe wuƙaƙe, mutum ya sa hannu zai warware inji na ruri. Na huɗu, tufafi: bakin babbar riga, ko jelar rawani, ko gyale, in bel ko wuƙa ta kama, ba ta saki sai ta jawo mai shi.

3. Irin makasan da ke jikin inji

Ba duk inji ke da su duka ba. Ka duba naka ka san waɗanda ya ke da su.

Na ɗaya, madannin kashewa. Shi ne ɗan abin nan, galibi ja, da ke jikin injin fetur ko bisa hannunsa. Ga yadda ya ke aiki. Injin fetur ba ya tashi sai fulogi ya ba da tartsatsin wuta. In ka danna madannin, wata siririyar waya ta kan karkatar da wutar zuwa ƙarfen jikin inji, fulogi ya rasa tartsatsi, inji ya mutu. To, a nan fa a ke ruɗuwa. In wayar nan ta tsinke, ko tsatsa ta ci bakinta, inji zai tashi lafiya lau ya yi aiki kamar kullum, ba wata alama. Ba za ka san makashinka ya mutu ba sai ran da ka danna shi cikin firgita ka ga bai yi kome ba.

Na biyu, mariƙin tsaro. Wannan shi ne babbansu. Wani ɗan ƙarfe ne bisa hannun inji, wanda tilas ka damƙe shi tare da hannun muddin kana aiki. Da ka sake shi, ko da gangan ko don ka faɗi, sai aiki ya tsaya. Iri biyu ne. Akwai wanda ke kashe injin ɗungum. Akwai kuma wanda ke raba inji da ƙafafu da wuƙaƙe, su tsaya cik, inji kuwa ya ci gaba da ruri. Fifikonsa bisa madanni shi ne, madanni sai ka tuna ka kuma kai hannu, mariƙi kuwa faɗuwarka kaɗai ta isa.

Na uku, makarin ribas. Wani ɗan ƙarfe ne wajen sandar giya mai hana giyar baya shiga muddin wuƙaƙe na juyawa. A waɗansu ƙananan injuna kuwa ba a ja da baya sai an riƙe wani mariƙi dabam, in an saki su tsaya.

Na huɗu, makashin baƙin mai. Injunan fetur da yawa su kan mutu da kansu in baƙin mai ya yi ƙasa. Wannan lafiyar inji ya ke tsaro. In ya kashe maka inji, ka kai shi wuri mai daidai ka duba mai ka ƙara. Wanda ya cire wayarsa don kada ya dame shi, ya sayi ƙonewar inji da kuɗinsa.

Injin gas kuwa, watau dizal, ba shi da fulogi, saboda haka ba a kashe shi ta hanyar wuta. Sai an yanke masa mai, ko ta mai da totur ƙarshe, ko ta jan sandar tsayarwa. Ka tabbata wayar totur ba ta cije ba, tana komawa har ƙarshe. Ɗan ƙarfen nan da a ke dannawa don sassauta inji wajen tayarwa, ba don kashewa aka yi shi ba, yawan kashe inji da shi yana ɓata shi.

4. Asalin wannan dabara

Cikin 1912 wani saurayi a ƙasar Ostareliya, sunansa Arthur Clifford Howard, ya fara gwada huɗa da wuƙaƙe masu juyawa a gonar mahaifinsa, ya kuma kafa kamfaninsa cikin 1922. Injunan farko ba su da mariƙin tsaro, in an sa giya sai su yi ta tafiya. Sai da mutane suka sha rauni shekara da shekaru kana hukumomi suka sa doka. A Amurka, tun 1982, injin yankan ciyawa da a ke turawa da hannu tilas wuƙarsa ta tsaya cikin daƙiƙa 3 bayan an saki mariƙi. Ƙasashen Turai kuma suka fitar da ƙa'ida mai lamba EN 709 cikin 1997 musamman domin injunan huɗa da a ke bi a ƙasa. Kamfanin BCS na ƙasar Italiya, wanda aka kafa cikin 1943, da can mariƙin injunansa kashe inji ya ke yi. Daga baya suka fito da irin wanda ke tsai da ƙafafu da wuƙaƙe ya bar inji na ruri, domin mai aiki ya huta da yawan tayarwa.

Mun kawo wannan labari ne don ku sani mariƙin nan ba ado ba ne, ba kuwa fitinar maƙera ba. Raunin waɗansu manoma irinku ne ya sa aka yi shi.

5. Masu ɗaure mariƙi da roba

Sanin kowa ne akwai masu yanko robar tayar keke, ko igiya, ko waya, su ɗaure mariƙin tsaro da hannun inji don kada su riƙa damƙe shi. Akwai kuma masu kai wa makanike ya tsinke wayar. Ba wauta ce ta sa su ba, suna da hujjojinsu. Bari mu duba su ɗaya ɗaya.

Wani ya ce hannunsa ke gajiya. Gaskiya ne, wuni guda ana damƙe da ƙarfe mai karkarwa ba wasa ba ne. Amma mariƙi mai lafiya ba ya bukatar ƙarfi. In ya yi tauri, ƙura ce ko tsatsa ta shiga wayarsa, a wanke a ɗiga mai, ko a sake waya. A kuma daidaita tsawon hannun inji da ƙugun mai aiki. In hannu ya gaji duk da haka, to jiki ne ke neman hutu, gajiyayyen mutum kuwa shi ya fi faɗuwa. A karɓe shi, ko ya zauna inuwa kaɗan.

Wani ya ce ko yaushe ya saki sai inji ya mutu, ya koma jan igiya. To, injin fetur mai lafiya, in ya yi zafi, ja ɗaya ko biyu ya ke tashi. In naka na ba ka wahala, fulogi ne ya yi dauɗa, ko matatar iska ta toshe, ko mai ya gurɓata. Cutar a nan ta ke, a nan za a yi magani. Waɗansu injunan kuma suna da ɗan maƙali wanda ke riƙe mariƙi sa'ad da aka matse kuloci, inji ya yi ta ruri a tsaye. Ka tambayi mai sayarwa ya nuna maka. Ban da haka, tun da aka janye tallafin fetur cikin 2023 mai ya yi tsada, injin da ke ruri ba aiki kuɗi ya ke ƙonewa.

Wani ya ce da eka a ke biyansa, ko wace tsayawa hasara ce. Sai ya lissafa. Tsayawa goma a wuni ba ta kai rabin sa'a ba. Karayar ƙafa kuwa ta kan cinye damina guda, ga kuɗin magani, ga iyali ba mai nema musu. Sauri ya haifi nawa.

Wani kuma ya ce shekara nawa yana aiki a ɗaure ba abin da ya same shi. Allah ya ƙara tsarewa. Amma mariƙin ba don ranakun lafiya aka yi shi ba, don rana ɗaya tak aka yi shi, ba kuwa wanda ya san wace rana ce. Ku tuna kuma inji ba hannu ɗaya ke riƙe shi ba. Gobe ƙanenka ko ɗanka zai ɗauka, shi bai san halinsa kamar kai ba.

6. Gwajin safiya

Ba a fafa gora ranar tafiya. Kafin ka shiga gona ka kai inji fili, ba yaro ba dabba kusa, ka yi waɗannan. Duka ba su wuce minti 5 ba.

(1) Tun inji na kashe, ka duba wayoyin makashi, kada a sami tsinkakkiya ko wadda ɓera ya ci. Ka matsa mariƙi ka saki, ka ga yana komawa da kansa.

(2) Ka duba murfin bel da murfin wuƙaƙe suna nan a ɗaure.

(3) Ka sa giya a firi, ka cire wuƙaƙe daga aiki, kana ka tayar.

(4) Ka danna madannin kashewa, ko ka mai da totur ƙarshe in na gas ne. Lalle inji ya mutu.

(5) Ka sake tayarwa, ka sa giya ta ɗaya, ka taka kaɗan, ka saki mariƙi. Lalle ƙafafu da wuƙaƙe su tsaya nan take.

(6) Wuƙaƙe na aiki, ka gwada sa ribas a hankali. Lalle ta ƙi shiga, ko wuƙaƙen su tsaya.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya kasa, injin bai isa shiga gona ba sai an gyara. Ka ce wa makanike gyara ka ke so, ba cirewa ba, ka kuma gwada a gabansa kafin ka biya.

In ciyawa ta naɗe wuƙaƙe, kada ka dogara ga mariƙi kaɗai. Ka kashe inji, ka jira kome ya tsaya, ka zare hular fulogi, kana ka sa hannu, gama juya wuƙaƙe da hannu na iya motsa inji. Kada ka zuba fetur inji na da zafi. Kada kuma ka tayar da shi cikin ɗaki ko shago a rufe, hayaƙinsa na kisa ba a ji ba a gani.

7. Babban inji marar mariƙi

Manyan injunan gas masu bel, masu ƙarfin doki 12 zuwa 15, irin waɗanda a ke kawowa daga ƙasar Sin, da yawansu ba su da mariƙin tsaro ko kaɗan. Sandar kuloci da birki ce kurum, in ka sa giya ka saki, injin ya tafi shi kaɗai. Nauyinsa kuwa ya fi buhu 3 na masara. Mai irin wannan sai ya zama shi ne makashin injinsa. Hannunsa ya saba da inda sandar kuloci ta ke har ya iya kai mata ido a rufe. Kada ya ja da baya sai ya cire wuƙaƙe daga aiki, ya rage totur, ya waiwaya. Kada ya bar inji na ruri ya tafi shan ruwa. Kada ya yi aiki shi kaɗai a gona mai nisa, a sami na biyu wanda ya san yadda a ke kashewa.

Mutanen Doguwa da sauran masu gonakin tudu, ga wata magana taku. Irin injin nan ana juya shi ne da 'yan mariƙai biyu, na dama da na hagu, ko wanne yana sakin ƙafa ɗaya. A fili in ka matsa na dama sai ya yi dama. Amma a gangare, in nauyi na tura shi, musamman da tirela cike da kaya, ƙafar da ka saki ita ce za ta ruga, sai ya juya kishiyar inda ka nufa. Saboda haka a gangare ka sa giya ta ƙasa tun daga sama, kada ka matse kuloci, kada ka sa firi, ka juya shi da ƙarfin hannunka.

Wanda zai sayi sabo, ya tambayi mai sayarwa abu uku: in na saki hannu me zai faru, ribas na shiga wuƙaƙe na juyawa, ana kuma samun wayar mariƙi a Kano in ta lalace? Ya sa a gwada masa a gabansa.

8. Magana ga dagatai da masu unguwanni

Ranku ya daɗe, injunan nan yawancinsu na haya ne, ko na ƙungiyar manoma. Inji ɗaya ya kan zaga gonaki da yawa, samari ke binsa, mai shi yana gida. In ba mai faɗa, ba mai gyarawa. Ku ne jama'a ke jin maganarku, saboda haka muna roƙonku abu huɗu.

Ku tara masu inji da masu binsa kafin faɗuwar damina, da kuma kafin aikin rani, a yi gwajin safiya a bainar jama'a, malamin gona na wurin. Ku shawarci manoma kada su karɓi injin haya da aka ɗaure mariƙinsa, mai gona ya ce a kwance robar kafin a shiga gonarsa. Ku hana a ba yaro inji, ku kuma hana yara bin bayansa suna tsintar gyare ko kallon balbela, su tsaya can bakin gona. Ku sa ƙungiya ta ware ɗan kuɗi cikin na haya domin waya da fulogi da bel, gama rashin ɗan kuɗin gyara ne ke kawo ɗaurin roba.

9. In tsautsayi ya auku

Da fari a kashe inji. In wuƙa ta riƙe ƙafa ko hannu, kada a tayar da inji wai don a juya ta baya, a kwance ƙusoshin wuƙar da sufana. A danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure tam da ƙyalle mai faɗi sama da raunin, a riƙe lokacin da aka ɗaura don a gaya wa likita. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. In yatsa ya guntule, a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa cikin leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan sanyi, a tafi da shi. Kada a ba mai rauni abinci, watakila za a yi masa aiki. A kai shi asibiti mafi kusa ba jinkiri, in raunin ƙashi ne mai tsanani su za su tura shi Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala ya ke. Ko raunin ƙarami ne a je a yi allura, domin ƙasar gona na ɗauke da ƙwayar ciwon nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus.

10. Ƙarshe

Ya kai manomi, gobe da safe kafin ka ja igiya, ka dubi hannun injinka. In akwai roba a ɗaure, ka kwance ta. In akwai waya a tsinke, ka kai a haɗa. Sa'an nan ka yi gwajin nan shida, ka koya wa duk wanda zai riƙe injin bayanka. Wanda ya ke da tambaya ya nemi malamin gona na gundumarsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.